Zare: Wa ke biyan kuɗin tare ambaliya? Tarihin jari da ruwa a Gwaram da Birnin Kudu

1/ Jama'a, duk damina da zarar hotunan ambaliya sun fara yawo, sai ka ga masu ba da shawara sun fito: wai harkar ruwa ce harkar gobe, a zuba jari a ƙananan kamfanonin da ke aikin magudanai da tare ambaliya. Maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Amma kafin ka tura ko sisi, zo mu bi tarihin yadda kuɗi da ruwa suka yi mu'amala a Gwaram da Birnin Kudu. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/ Da an ce ambaliya a Jigawa, sai ka ji an ce ai Tiga aka saki. Wannan labarin mutanen Ringim ne da Auyo da Hadeja, waɗanda ke bakin Kogin Hadeja. Ruwan Gwaram daban ne. Kogin Bunga ne, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratso ƙasar Ningi, ya biyo ta Gwaram, ya gangara Jama'are inda ya ɗauki sunan garin.

3/ Babu babban dam a kan wannan kogi. Babu mai riƙe da makullinsa. Abin da sama ta zubar a Filato da Bauchi, shi ke isowa, ko an shirya ko ba a shirya ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ Kafin gwamnati ta shigo harkar, jarin ruwa iri biyu ne a ƙasar Hausa. Na farko jigo: doguwar sanda, nauyi a gindi, guga a kai, mutum ya yini yana ɗaga ruwa yana shayar da ɗan lambunsa na albasa da tattasai. Wannan jarin mutum ɗaya ne, ribarsa ma tasa ce.

5/ Na biyu kuwa na kowa da kowa ne: jinga a bakin rafi, yashe kwata, da kududdufin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, ya zama wurin da ruwan unguwa ke taruwa. Ba a biyan kowa kuɗi a nan. Mai unguwa ya sa a yi shela, a fito gayya. Tun a lokacin, ruwan da ake kawowa gona yana da mai shi, ruwan da ake korewa daga gari kuwa sai an yi taron dangi.

6/ Sai zamanin Audu Bako, gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Ga ƙannenmu da aka haifa bayan 2000: Gwaram da Birnin Kudu duk Kano ne a lokacin, sai a watan Agustan 1991 aka yanke Jigawa. Audu Bako mutum ne mai son dam. Bagauda, Tiga da aka gama a 1974, har da ƙaramin dam na Birnin Kudu, duk na zamaninsa ne.

7/ Abu biyu suka haɗu suka ba shi gaskiya. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki, sannan kuɗin mai ya fara kwararowa. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, ciki har da ta Hadeja-Jama'are. Jihar Kano kuma tana da WRECA, hukumarta ta injiniyoyin ruwa, wadda ta yi ta gina madatsu da kanta.

8/ Ku lura da wanda ya zuba jarin. Ba ɗan kasuwa ba ne, ba banki ba ne. Gwamnati ce, da kuɗin mai. Kuma gwamnati ta fi son ranar buɗe aiki a kan shekaru talatin na kula da shi. A watan Agustan 1988 dam ɗin Bagauda ya ɓalle. A watan Satumban 2024 na Alau ya ɓalle ya shanye Maiduguri. Shekara 36 tsakani.

9/ Yanzu ga babban labarin da ya shafi Gwaram kai tsaye: Kafin Zaki.

10/ Bayan wancan fari aka yi tunanin datse Kogin Bunga a Kafin Zaki, cikin ƙasar Ningi, sama da Gwaram. Dam ne da aka tsara zai riƙe ruwa kimanin kubik mita biliyan 2.7, wato ya fi Tiga, ya shayar da kadada wajen 120,000. Gwamnatin Shehu Shagari ta ba Julius Berger kwangilar. A 1984, bayan juyin mulki, aka soke.

11/ A 1992 gwamnatin Babangida ta dawo da kwangilar. A 1994 gwamnatin Abacha ta sake sokewa. A 2008 gwamnan Bauchi Isa Yuguda ya sake tayar da maganar. Yau sama da shekara 40 ke nan, yaran da aka haifa lokacin da aka fara kai kayan aiki wurin sun aurar da 'ya'ya, dam bai tsaya ba.

12/ Kuma ba sakaci kaɗai ya hana ba, akwai rigima ta gaske. Mutanen Yobe da Borno suka ce in aka datse Bunga, me zai iso musu? Kogin Hadeja an riga an ɗaure shi da Tiga da Challawa, wanda aka gama a 1992. Ruwan da ke kaiwa Gashuwa da Geidam yawancinsa na Jama'are ne.

13/ Masana ma sun sa baki. Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi a farkon shekarun 1990, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadamun Hadeja-Nguru, idan aka haɗa shinkafa da kifi da itace, ya fi kawo amfani a kan irin adadin ruwan idan aka tsare shi don babban aikin ban ruwa na Kadawa. Wato abin da wani ke kira ambaliya, wani abincinsa ne.

14/ Abin da nake so matashi mai tunanin jari ya gani a nan shi ne: Julius Berger guda, mai hannun jari a kasuwar Legas, sau biyu ana ba shi aikin ana ƙwacewa. To ina ga ɗan kamfanin da ke da tifa ɗaya da injin kwaɓa siminti?

15/ Amma fa a daidai shekarun da ake wannan ja-in-ja, wani abu na faruwa a fadama ba tare da an yanka kintinkiri ba. Ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur, inci biyu ko uku, wanda mutum zai ɗora a bayan keke, ya shigo. Hukumar KNARDA ta Kano ta yaɗa shi a shekarun 1980, tare da 'yar rijiyar bututu.

16/ Dabarar ba wuya. A fadama ruwa na nan kusa, 'yan mitoci ƙarƙashin yashi. Sai a tura bututu ƙasa da ƙarfin ruwa, a sa na roba mai huji-huji, a ɗaura inji. Aikin yini guda ne. Abin da jigo zai shayar a mako, inji ya gama kafin azahar.

17/ A 1987 Babangida ya hana shigo da alkama. Farashi ya tashi, kowa ya ruga fadama. Bayan 'yan shekaru aka janye haramcin, waɗanda suka ɗora komai a kan alkama suka ji jiki. Amma injinan ba su koma ko'ina ba, aka juya su kan tumatir, albasa, masara da shinkafa. Sai shirin Fadama na farko, da bashin Bankin Duniya na dala miliyan 67.5 a farkon shekarun 1990, ya ƙara yaɗa su, Jigawa na cikin jihohin da aka fi mayar da hankali a kai.

18/ Daga nan ne ainihin ƙananan kamfanonin ruwa na yankinmu suka fito, ko da yake ba wanda ya kira su kamfani. Mai buga rijiya da yaransa huɗu. Bakanike mai gyaran inji. Mai shagon tiyo da bututu. Mai ba da hayar inji a biya shi da kuɗi ko da buhu. Je kasuwar Sara ranar da take ci, ka duba da idonka.

19/ Me ya sa waɗannan suka rayu, Kafin Zaki ya zama aikin baban giwa? Saboda suna da mai saye. Manomi ya san in bai biya mai rijiya ba, albasarsa ta bushe. Wanda ya biya shi ke amfana, wanda bai biya ba ba ya samu. Ciniki ke nan.

20/ Tare ambaliya ba haka yake ba. Ka gina jinga a bakin gari, ta kare wanda ya ba da kuɗi da wanda ya ce ba shi da ko kwabo, duka. Ba za ka iya cewa ruwa ya shiga gidan wane don bai biya ba. Shi ya sa duk kamfanin da ya ce aikinsa tare ambaliya ne, kwastomansa ɗaya ne tal: gwamnati, ko mai ba gwamnati bashi.

21/ Buƙatar kam akwai ta, har ta yi yawa. A watan Agustan 2021 ruwa ya cinye gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasar nan, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗanawa. Sai dai buƙata daban, mai biya daban.

22/ Ɗan kwangilar kwalbati yakan karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya fara aiki, ragowar sai an auna an sa hannu. In biya ya yi jinkirin wata takwas, siminti da rodi ba sa jiransa. Duk wanda ya karɓi aiki a farkon 2023 da tsohon farashi, kafin a cire tallafin mai a saki naira, ya san abin da nake faɗa. Idan kuɗinka na cikin kamfaninsa, kai ma ka shiga layin jiran takardar biya.

23/ Za ku ce ai a Turai ana cin riba da wannan harka. Haka ne. Mu duba Holan, ƙasar da wani babban yankinta ke ƙasa da teku. Tun ƙarni na 13 suke da hukumomin ruwa na yanki-yanki. Har yau ana zaɓen wakilansu, kuma suna karɓar harajinsu na kansu daga mazauna da masu gonaki, ba sa jiran kasafi daga babban birni.

24/ Bayan ambaliyar 1953 da ta kashe musu sama da mutum 1,800, a 1954 suka kafa banki na musamman don ba waɗannan hukumomi bashi. Kamfanonin yashe koguna irin su Boskalis, wanda ya faro a 1910 a ɗan garin Sliedrecht, a kan wannan ƙasa suka tsiro. Gayyar ce dai irin tamu, su suka mayar da ita haraji mai rasit, sai ɗan kwangila ya samu wanda zai biya shi kowace shekara.

25/ Mu ma an gwada wani abu mai kama da haka. A 2006 jihohi shida, Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, tare da gwamnatin tarayya, suka kafa asusun kula da kogunan Hadeja, Jama'are da Komadugu-Yobe, mai ofis a Damaturu. Tunani mai kyau. Bambancin shi ne, asusun ya dogara da abin da gwamnatoci suka ga damar sakawa.

26/ Yanzu kuma akwai ACReSAL, shirin Bankin Duniya na dala miliyan 700 da aka amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, na yaƙi da zaizayar ƙasa da gyaran fadamu. Ƙananan 'yan kwangila na iya samun aiki a irin wannan. Amma shiri ne mai wa'adi, kuma bashi ne. Tambayi mai kamfanin: ran da shirin ya ƙare, wa zai ba ka aiki?

27/ A ganina, wurin da tarihi ke maimaita kansa shi ne sola. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, fetur ya zama babban ciwon kan mai noman rani. Wasu suka juya injinansu zuwa gas, wasu suka koma famfo mai aiki da hasken rana. Irin sauyin jigo zuwa inji ne. Tsadar saye ita ce matsalar, kuma a nan ne mai ɗan jari ke da gurbi: ya saya ya ba da haya, ko ya sayar a biya bayan girbi.

28/ Wani ɗan gefe: takardar CAC ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce, shaidar rajistar suna ce kawai. Mai tara jari daga jama'a, hukumar SEC ce ke sa masa ido. Wanda ya ce maka yana da kamfanin ruwa zai ba ka kashi 20 duk wata, tuna masa da MMM ta 2016 da CBEX ta 2025, ka kama gabanka.

29/ Ko harkar fadamar ma tana da nata haɗarin, kuma irinsa ba ya zuwa ɗaya-ɗaya. Shekarar da Bunga ya yi ambaliya mai ƙarfi, shinkafar damina ta tafi, duk manoman da kake bi bashi sun karye a mako guda. Rijiyoyin sun cike da yashi. Allon solar da ba a kwashe da wuri ba ya bi ruwa. In za ka shiga, raba ƙafa: wasu a bakin kogi, wasu a tudu.

30/ Mu koma kan abin da na ce ku riƙe. Wannan cikar da Bunga ke yi duk damina, ita ce ke mayar da ruwa cikin yashin fadama, ruwan da rijiyar bututu ke zuƙa a watan Fabrairu da Maris. Ranar da aka gina Kafin Zaki, ambaliya za ta ragu a Gwaram, amma yawan ruwan da ke ƙarƙashin gonarka zai koma hannun wanda ke buɗe ƙofar dam a ƙasar Ningi, da jadawalin da ya ga dama ya bi. Duk mai shirin sa kuɗinsa a rijiya ko sola na shekara goma a wannan fadama, ya riƙa bin labarin Kafin Zaki duk lokacin da aka karanta kasafin kuɗin tarayya.