Daga Kundin Matattu na Berona Zuwa Dantsen 'Yar Firamare

A shekarar 1842, wani likita ɗan Italiya mai suna Domenico Rigoni-Stern ya tattara littattafan da ake rubuta sunayen mamata a birnin Berona, tun daga 1760 har zuwa 1839, ya zauna yana ƙirga abin da ya kashe kowa. Cikin wannan ƙirge ya ci karo da abin da ya ɗaure masa kai. Sankarar mahaifa tana yawan ɗaukar matan aure da zawarawa, amma da wuya ta taɓa matan da suka keɓe kansu a gidajen ibadar Kirista, waɗanda ba sa aure har mutuwa. Bai san dalili ba, kuma ba shi da abin da zai gano dalilin da shi. Lissafi kawai ya bari, lissafin da ke nuni da cewa cutar tana da alaƙa da saduwa.

An shafe shekara fiye da ɗari ana laluben bakin zaren. A tsakanin haka George Papanicolaou, likita ɗan Girka da ke aiki a Amurka, ya fito da dabarar ɗibo ƙwayoyin halitta daga bakin mahaifa a duba su tun cutar ba ta kankama ba. Gwajin ya ceci mata masu ɗimbin yawa, amma bai faɗi abin da ke haddasa ciwon ba. A 1951 wata baƙar fata, Henrietta Lacks, ta rasu da wannan sankara a birnin Baltimore tana da shekara 31. An yanki tsokar ciwonta ba da saninta ba, aka raya ƙwayoyin a ɗakin bincike, kuma har yau da su ake gwaje-gwaje a faɗin duniya. Sai daga baya aka gano cewa mai laifin yana kwance a cikinsu duk tsawon lokacin.

Wanda ya nuna shi da yatsa shi ne Bajamushe Harald zur Hausen. A shekarun 1970 galibin masana sun ɗora laifin a kan wata ƙwayar cuta daban, ta herpes. Shi kuwa ya dage cewa a duba dangin ƙwayar da ke jawo tsiro a fata, wadda ake kira HPV a taƙaice. Ba a ɗauke shi da muhimmanci ba, domin wa zai yarda cewa abin da ke haifar da ɗan ƙullutu a hannu shi ne ke kai mace kushewa? A 1983 shi da abokan aikinsa suka zaƙulo nau'i na 16 daga cikin tsokar sankara, a 1984 kuma na 18. Waɗannan biyun kaɗai ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. Na 6 da na 11 kuwa su ke jawo kusan kashi 90 na tsiron da ke fitowa a al'aura. Lambar yabo ta Nobel ba ta iso masa ba sai 2008.

Sanin maƙiyi daban, ƙera makami daban. Ƙwayar ba ta yarda a raya ta cikin sauƙi a ɗakin bincike, don haka tsohuwar hanyar raunana ƙwaya a mayar da ita rigakafi ta toshe. A 1991, a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, Ian Frazer da Jian Zhou suka nuna cewa ana iya ƙera ɓawon ƙwayar kaɗai, babu komai a cikinsa. Jiki zai gan shi ya zaci maƙiyi ne, ya tanadi garkuwa, alhali fanko ne da ba ya iya haifar da cuta. Masana a Amurka sun inganta dabarar. Zhou, ɗan ƙasar Sin, ya rasu a 1999 yana da shekara 42, bai ga ranar da aka amince da allurar Gardasil a watan Yunin 2006 ba.

Ostireliya ta fara yi wa 'yan mata a 2007, ta haɗa da yara maza a 2013, tun da ƙwayar tana jawo sankarar dubura da ta maƙogwaro da ta mazakuta. Cikin 'yan shekaru tsiron al'aura ya kusa ɓacewa a tsakanin matasanta. Ruwanda ta bi sahu a 2011, ta kai ga fiye da kashi 90 na 'yan matan da ta nufa, abin da ya kunyata masu cewa Afirka ba za ta iya ba.

A ganina darasin da ya fi nauyi yana Japan. A watan Yunin 2013, bayan kafafen labarai sun yayata rahotannin 'yan matan da suka yi ƙorafin ciwo, gwamnati ta daina kwaɗaitar da iyaye. Ba ta haramta allurar ba, shiru kawai ta yi. Masu karɓa suka faɗo daga kusan kashi 70 zuwa ƙasa da kashi ɗaya. Bincike bai tabbatar da cewa allurar ce ta jawo ciwon ba, amma sai Afrilun 2022 aka dawo da kiran. Ƙasa ce mai ilimi da wadata. Ashe tsoro ba ruwansa da yawan digiri. A cikin shekarun shirun ne wani nazari a Siwidin, a 2020, ya nuna raguwar haɗarin sankarar da kashi 88 ga waɗanda aka yi wa kafin shekara 17.

Mu nan mun san wannan tsoro, kuma namu yana da tushe. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, kuma tabon yana cikin abin da ya ciyar da ƙauracewa allurar shan inna a 2003. Uban da ya tambayi dalilin da ya sa 'yan mata kaɗai ake nema bai yi wauta ba. Amsarsa dai tana nan: allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, shi ya sa ake yin ta tun kafin aure, kuma da yake ba ta wadata ba, aka fara da waɗanda cutar ta fi kashewa.

Ranar 24 ga Oktoba, 2023, Nijeriya ta ƙaddamar da shirinta ga 'yan shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak, da burin kai wa miliyan 7.7. Ƙiyasin 2020 ya nuna mata kusan 12,000 ke kamuwa a ƙasar duk shekara, kusan 8,000 su rasu. Wannan adadi ba zai sauka gobe ba, domin sankarar takan ɗauki shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta bayyana, kuma iyayen waɗannan yara gwaji kaɗai ya rage musu. Yarinyar da ta miƙa dantsenta tana da shekara 9 a wancan Oktoba, sai 2044 za ta cika talatin, shekarun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara duba mata.