Daga Iri zuwa Kututture: Tarihin Binciken Daji a Ƙasar Cadawa, 1935–2020

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala tana nazarin tarihin binciken daji a ƙasar Cadawa da maƙwabtanta, wato gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji cikin jahar Maraɗi. Tambayar da muka sa gaba ita ce: me ya sa ilimin daji na zamani ya share kusan shekara 50 yana neman farfaɗo da itatuwan wannan yanki ta hanyar iri da dashe, alhali akasarin itatuwan da suka cika gonaki yau daga tsofaffin kututturai da saiwoyi suka yi toho? A ganinmu amsar tana cikin asalin ilimin kansa. An gina shi ne a Turai bisa ɗabi'ar itatuwan da Faransawa ke kira conifères, irin su pin da sapin, masu ganye kamar allura, kuma ɗabi'arsu ta sha bamban da ta sabara da kalgo. Za mu bi wannan ilimi daga mahaifarsa zuwa gonakin Maraɗi, sa'an nan mu nuna aikin da ya rage wa manazarta.

2.0 Asalin Ilimin Daji na Zamani

A ƙasar Jamus aka fara mai da kiwon daji fannin karatu. Heinrich Cotta ya buɗe makarantarsa a Tharandt a 1811, Faransa kuma ta kafa tata a Nancy a 1824, a ƙarƙashin Bernard Lorentz. Burin waɗannan makarantu shi ne samar da dogon katako miƙaƙƙe domin gini da jiragen ruwa, daga baya kuma domin layin dogo da ramukan haƙar ma'adini. Itacen pin ya dace da wannan buri, sai dai yana da wata ɗabi'a: mafi yawan jinsinsa in aka sare su, kututturen mutuwa yake yi, ba ya toho. Ke nan dajin pin ba ya komowa sai ta hanyar iri. Bisa ga haka hankalin masana ya tattara kan iri: inda aka samo shi, yadda ake adana shi, kashi nawa cikin ɗari ke tsirowa, da yadda ake renonsa kafin dashe. Tun shekarun 1820 Vilmorin ya shuka irin pin na ƙasashe daban-daban gefe da gefe a Les Barres don ya gwada su, kuma ƙungiyar cibiyoyin binciken daji ta duniya, IUFRO, wadda aka kafa a 1892, ta faɗaɗa irin wannan gwaji a 1907.

Ba mu ce Turawa sun jahilci tohon kututture ba. Faransawa suna da kalmar taillis, wato dajin da ake sarewa ya sake toho, kuma ƙauyawansu sun daɗe suna samun makamashi daga gare shi. Amma malaman Nancy sun ɗauke shi dajin talaka, mai ƙarancin daraja, wanda ya kamata a juya shi zuwa dajin da ya tashi daga iri. Ƙari kan haka, akwai misalin yankin Landes a kudu maso yammacin Faransa, inda aka tsai da tudun rairayi da shukar pin tun ƙarshen ƙarni na 18, kana dokar 1857 ta tilasta dasa shi har ya kai kusan hekta miliyan 1. Da waɗannan darussa biyu ma'aikatan gandun daji suka zo ƙasar Hausa: itacen kirki daga iri yake fitowa, kuma rairayi da dashe ake tsai da shi.

3.0 Zamanin Mulkin Mallaka

Dokar 4 ga Yuli 1935 ita ce ta shimfiɗa tsarin daji a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Ta ba hukuma mallakar duk dajin da ta ɗauka ba shi da mai shi, ta ware wasu dazuzzuka a matsayin gandun hukuma, ta kuma hana saran wasu itatuwa sai da izini. Bisa wannan tsari ne daga baya aka keɓe dazuzzukan Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado da Bakabe a ƙasar Agye. A wannan shekara ta 1935 E. P. Stebbing, malamin daji a jami'ar Edinbara, ya wallafa ra'ayinsa cewa Sahara tana gangarowa kudu, ya ba da shawarar a yi mata shinge da itatuwa. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa ya bi iyakar Nijar da Nijeriya a 1936–1937, bai sami shaidar wannan gangarowa ba. Abin da ya gani shi ne ɓarnar sara da gobarar daji. André Aubréville, ɗaya daga cikin ƴan kwamitin, shi ne ya yaɗa kalmar désertification a littafinsa na 1949.

Abin lura a nan shi ne, a duk wannan muhawara an ɗauki daji da gona a matsayin kishiyoyi. Daji na hukuma ne, gona ta manomi ce, itacen da ke tsakiyar gona kuma ba shi da gurbi a tsarin bincike, sai dai a jerin abubuwan da ake cin tara a kansu. Alhali kuwa manoman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin darajar gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka ba ya hana hatsi rana, yana kuma ba dabbobi abinci lokacin da ciyawa ta ƙare. Ana ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani kan mai saran gawo.

4.0 Gyaɗa, Fari da Dashe

Daga shekarun 1930 zuwa na 1960 noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Maraɗi, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin cinikinta. Jama'a ta ƙaru, saurar da ake bari ƙasa ta huta ta ragu, gonaki suka haɗe da juna. Malaman gona kuma suka riƙa koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, aka tone kututturanta don garmar shanu ta wuce. Dokar daji ta 4 ga Maris 1974 ta riƙe ruhin ta 1935. Manomi ya gane cewa in ya bar gawo ya girma a gonarsa ya zama na hukuma, ko reshe ya sare zai iya fuskantar tara. Saboda haka hikimarsa ta zama ya kashe toho tun yana ƙarami.

A ɓangaren bincike, cibiyar CTFT ta Faransa ta gudanar da gwaje-gwaje a Nijar tun shekarun 1960, kuma akasarinsu kan baƙin itatuwa masu saurin girma ne, musamman turare, wato Eucalyptus camaldulensis, da dogon yaro. A Nijeriya, tashar binciken daji ta Samaru a Zariya ta gwada pin na Amurka ta Tsakiya, Pinus caribaea da Pinus oocarpa, a Afaka kusa da Kaduna da kuma tsaunin Jos, inda ruwan sama ya haura milimita 1,000 a shekara. Ƙasar Cadawa, mai samun kimanin rabin haka, ba ta iya ɗaukar pin. Amma tsarin aikin pin shi aka bi sak: a samo iri daga waje, a rene shi cikin leda a pepiniyar, a share fili, a dasa layi-layi, a yi shinge. An dai sami binciken da ya kalli wata fuska, alal misali na Charreau da Vidal a Bambey ta Senegal a 1965, wanda ya nuna cewa hatsi ya fi yin kyau a ƙarƙashin gawo, sai dai bai canza manufar hukuma ba a lokacin.

Bayan farin 1973–1974 dashe ya zama aikin ƙasa. Daga 1975 aka mai da 3 ga Agusta ranar dashen itace, aka kuma yi ta kafa ƴan dazuzzukan gari. An sami nasara a wasu wurare, kamar shingen iska na dogon yaro a kwarin Majiya cikin jahar Tawa, wanda ƙungiyar CARE ta fara a 1975. A mafi yawan garuruwa kuwa dashen mutuwa ya yi. Dalilan a fili suke: ƙaramin dashe mai gajeriyar saiwa dole ya haye rani na wata 8, ga awaki, ga gara, ga iska mai rairayi, lokacin dashe kuma ya faɗo daidai lokacin noma, uwa uba babu wanda ya san ko itacen na wane ne. 

5.0 Sassaben Zamani

Shekarar 1984 ta zo da abubuwa biyu. A watan Mayu gwamnatin Seyni Kountché ta kira taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka amince cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun talakawa. Damina kuma ta ƙi, aka shiga yunwar da ake kira El Buhari. Shekara guda kafin haka, a 1983, Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya da ke aiki da shirin raya karkara na SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƴan kurmin da ake sassabewa kowace bazara toho ne na itatuwan da aka sare tuntuni, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta biyo baya mai sauƙi ce: a kowane kututture a zaɓi toho 1 zuwa 5 mafi ƙarfi, a sare sauran, a rage rassan ƙasa, a tsare shi daga dabbobi da masu sara. Da yake tohon yana sha daga tsohuwar saiwa mai zurfi, yana girma da saurin da dashe ba ya yi. Manoma suka raɗa wa aikin suna sassaben zamani, a Faransanci kuma régénération naturelle assistée.

Lokacin yunwar an haɗa aikin da rabon abinci a garuruwa kusan 100, aka raya itatuwa kimanin 500,000. Da rabon ya ƙare, wajen kashi biyu cikin uku an sare su. Wannan ya nuna cewa dabara kaɗai ba ta isa ba. Waɗanda suka bar nasu, su ne suka ga amfanin: itacen girki a kusa, sanduna na sayarwa, ganye ga dabbobi, iska kuma ta daina binne shuka. Daga gare su maƙwabta suka koya. Ya kamata mu ƙara da cewa ba daga Maraɗi kaɗai abin ya taso ba. Binciken Larwanou da Abdoulaye da Reij na 2006 ya nuna manoman Magarya da Matamai da Mirya sun raya gawo a kan kimanin hekta miliyan 1, akasari bisa sanin da suka gada.

A ƙasar Agye, shirye-shiryen da asusun FIDA ya ɗauki nauyi tun shekarun 1990, har zuwa PPILDA, sun taimaka wajen warware matsalar tsaro. Garin Ɗan Saga ya yi suna da kwamitin sa ido wanda ya haɗa manoma da mata da makiyaya, yana da dokokinsa da tararsa kan satar itace. Da aka gwama hotunan sama na shekarun baya da na tauraron ɗan'adam, aikin da Gray Tappan ya yi fice a kai, an ƙiyasta cewa fili mai kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar ya farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200.

6.0 Doka da Kasuwar Itace

Canjin doka bin bayan manoma ya yi. Bayan taron ƙasa na 1991 ƙarfin hukuma a karkara ya ragu, sintirin ma'aikatan gandun daji ya yi sauƙi, manomi ya fara jin itacen gonarsa nasa ne tun doka ba ta faɗa ba. Dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda mutanen gari ke sayar da makamashin dajinsu bisa ƙa'ida, kamar yadda aka yi a dajin Baban Rafi. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ƙarfafa haƙƙin mai gona, dokar daji ta 2004 ta maye gurbin ta 1974, kana dokar 30 ga Yuli 2020 ta fayyace haƙƙin manomi kan itacen da ya raya. Tsakanin 1983 da 2020 shekara 37 ke nan.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda ilimin da aka gina kan pin ya ɗora bincike bisa iri da pepiniyar, ya kau da ido daga kututture, da kuma yadda tsoron tara ya hana manomi amfani da abin da ya sani. Sai dai kuskure ne a fahimci wannan tarihi da cewa binciken iri ba shi da sauran amfani. Kututture yana mai da abin da ke ƙasa ne kawai. Itatuwan da suka fi yin toho, wato sabara da kalgo da taramniya, su suka mamaye gonaki da yawa. Gawo yana samun taimakon dabbobi, domin ƙwayarsa mai tauri tana tsirowa bayan ta bi ta cikinsu. Amma ƙirya, wadda masassaƙa ke yin turmi da ita, maƙera kuma ke son gawayinta, da ɗanya da kanya da kuka, inda saiwarsu ta riga ta mutu ba su komowa sai an shuka. Tsofaffin da ake samun irinsu kuwa raguwa suke yi.

Don haka muna ganin tambayoyin Vilmorin suna nan da amfaninsu, in aka mai da su kan itatuwan gida. Wace ƙirya ce ta fi jure fari, ta Gazawa ko ta Gidan Rumji? Wata nawa irin kanya ke yi a ajiye kafin ya mutu? Sau nawa za a sare sabara kafin kututturenta ya gaji? Mene ne nauyi da ƙarfin zafin itacen kalgo mai shekara 5? Tashar INRAN ta Tarna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi suna kusa da waɗannan gonaki, manoman Cadawa da Ɗan Saga kuma suna da sanin shekara 40 da za a tattara daga bakinsu. Muna fatan ɗalibanmu masu neman batun kundi, na sashen tarihi da na kimiyyar noma, za su haɗa hannu kan wannan aiki tun dattawan da suka ga sassaben farko suna raye.