Ingila da Amurka: Ƙawance da Sirrin Makamai

Jama'a, wannan makon mu waiwayi shekarar 1940. Jiragen Jamus na luguden wuta a Ingila, sai ta tura tawagar masana ƙarƙashin Henry Tizard zuwa Amurka da sirrin na'urar radar mai hango jirage. Amurka ta ƙera ta da yawa, ta kuma tallafa wa Ingila da makamai da abinci. Yawancinmu nan muke tsayar da labarin.

Amma a 1946 majalisar Amurka ta hana Ingila bayanan nukiliya, alhali masananta sun taya aikin bam ɗin. Sai da Ingila ta gwada nata a 1952, da mafi ƙarfi a 1957, aka dawo da musayar bayanai a 1958. Bashin bayan yaƙi kuwa, sai 2006 ta gama biya.

Mu tuna, kayan aro ba ya rufe katara, ko tsakanin aminai.