Daidaita ƙafafun mota

Daidaita ƙafafun mota, wanda makanikai ke kira alaimen, shi ne saita tsayuwar tayoyi domin su taka ƙasa daidai, mota ta miƙe ba tare da ta ja gefe ba. Ana auna kusurwoyi uku: kamba, kasta da to.

Bayan haɗari

Sau da yawa akan gyara jikin mota a yi mata fenti, amma alaimen ya ƙi zama. Dalili shi ne bugun ya lanƙwasa tayarod, shokabzoba ko ƙarfen da ke riƙe taya, ko kuma ya murɗe casis. Idan ba a canza ƙarfen ko an miƙe casis ba, saiti ɓoye matsalar kawai yake yi, bayan ɗan lokaci ta dawo.

Alamomi

Mota tana ja hagu ko dama, sitiyari yana zama a karkace a miƙaƙƙiyar hanya, taya tana cinyewa ta gefe ɗaya. Irin wannan taya kan iya fashewa ana cikin gudu.

A yankin Yauri

Babbar hanyar A1 daga Kontagora ta ratsa Yelwa da ƙasar Shanga zuwa Koko da Jega. Motocin da ke ɗauko kifi da albasa daga bakin tafkin Kainji, kamar Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, sukan yi lodi mai nauyi. Nauyi da ramuka suna saurin tona gyaran da bai kai ga ƙarfen da ya lanƙwashe ba.