Gida Kafin Gari: Sababbin Unguwannin Sokode da Dapaong

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Lome ta nufi Sinkase, kan iyakar Togo da Burkina Faso, zai lura cewa garuruwan da ke kanta suna tarbar matafiyi tun bai iso su ba. Da sauran tafiya kafin a shiga Sokode ake fara ganin turakun siminti a kusurwoyin gonaki, da tarin bulo da ciyawa ta lulluɓe, da ɗaki biyu da aka rufa wa kwano a tsakiyar kunyoyin doya. Haka abin yake a Dapaong, sai dai can dawa da gero ne gidajen ke korewa. Hujjar da wannan maƙala za ta kafa ita ce, matsalar waɗannan unguwanni ba yawan jama'a ba ce, kamar yadda ake yawan faɗa. Matsalar tana faruwa ne a rana guda, ranar da aka yanka gona aka mai da ta fulotai ba a bar wa jama'a nasu kason ba. Abin da ya biyo baya na wahalar ruwa da hanya da makaranta, daga wannan rana ya samo tushe.

Ƙidayar 2010 ta samu mutum 6,191,155 a Togo, ta 2022 kuma 8,095,498. A 2010 Sokode, hedikwatar yankin Tsakiya, mai nisan kimanin kilomita 340 daga Lome, tana da mutum 95,070. Dapaong, hedikwatar yankin Savanes a can ƙuryar arewa, sama da kilomita 600 daga bakin teku, tana da 58,071. Idan aka auna su da Kano ko Lome ƙananan garuruwa ne, kuma wannan ƙanƙantar ce ta sa ya kamata a dube su yanzu, tun kuskuren da manyan birane suka yi bai gama daskarewa a cikinsu ba.

Sokode ba ta taso daga cibiya ɗaya ba. Masana biyu, Jean-Claude Barbier da Bernard Klein, sun wallafa littafi a kanta a 1995, inda suka nuna cewa ƙauyukan Tem ne, waɗanda aka fi sani da Kotokoli, suka yi ta faɗaɗa har suka haɗe suka zama gari: Koma, Kulunde, Kpangalam, Cawanda, Salimde da sauransu, kowanne da sarkinsa da ƙasarsa. A tsakiyarsu akwai Didawure, unguwar Musulmi 'yan kasuwa, wadda ta rayu da fataucin goro. Ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato yakan ratso ƙasar Bargu da Jugu, ya yada zango a nan, kafin ya wuce Salaga a ƙasar Gwanja. Da Jamusawa suka kafa barikinsu a ƙarshen shekarun 1890, sai suka ƙara wata cibiyar a kan waɗanda suka tarar. Wannan tarihi yana da tasiri har gobe. Idan mutum zai sayi fili a gefen Sokode, ba da gari zai yi ciniki ba. Zai yi ne da zuriyar wani ƙauye da gari ya haɗiye, kuma kowace zuriya yadda ta ga dama take yanka nata.

A nan ne Togo ta sha bamban da Najeriya, inda dokar 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. A Togo mafi yawan ƙasar da ke kewaye da garuruwa ta dangi ce. Gwamnati ta yi yunƙurin gyara a 1974 bai yi tasiri ba, sai a watan Yunin 2018 aka kafa sabuwar dokar ƙasa da filaye. A aikace ga yadda abin ke gudana. Dattawan gida su kira mai awo, ya zo da na'urarsa ya tsaga gonar kakanni, galibi fuloti mai faɗin mita 20 da tsawon 30. A biya shi da kuɗi, ko kuma a ba shi fulotai a madadin ladansa. Dillalai su shiga tsakani. Ƙa'ida ta ce a ware wa hukuma kaso mai tsoka domin tituna da makaranta da asibiti da kasuwa, kuma a kan takardar awon za ka ga an zana su tsaf. Bayan 'yan shekaru, idan fulotai suka ƙare kuma farashi ya tashi, sai ido ya koma kan filin da aka bari. Wani ɗan gidan da bai samu rabo ba ya sayar da rabinsa, wani mai ƙarfi ya kewaye sauran. Titin da aka zana da faɗi ya tsuke ya zama lungu, saboda kowane mai gini ya ɗan turo katangarsa gaba. Mutumin Kano da ya san unguwannin awon igiya ba zai ga baƙon abu a nan ba, illa cewa a Togo akwai mai awo da hatimi, amma ƙarshen lamarin yakan zo ɗaya.

Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku ya zama ruwan dare, har rikicin fili ne ya fi cika kotunan ƙasar. Shi ya sa mai fuloti yake gaggawar aza wani abu a kansa ko da bai shirya ba. Ɗakin nan guda da ke tsaye shi kaɗai a cikin gona, ba ƙofa ba taga, shaida ce aka gina da bulo, domin takardar mallaka ta hukuma tana cin kuɗi da lokaci fiye da yadda malamin makaranta ko direban tasi zai iya jurewa. Tsoron ƙwace ne ke sa gari ya bazu fiye da bukatarsa, kuma gari mai bazuwa ya fi tsadar jan famfo da wuta.

A dubi gida guda a irin wannan unguwa, misali a gefen Dapaong cikin watan Maris, lokacin da zafi ya kai maƙura. Maigida ya tare da iyalinsa don ya huta da biyan haya. Bututun kamfanin ruwa na ƙasa, wanda ke kawo ruwan madatsar Dalwak, ya tsaya can baya inda tsohon gari ya ƙare. Rijiyar da ya haƙa ta ƙafe tun cikin hunturu. Uwargida da 'yan mata su ne ke sammako da jarkoki masu ruwan ɗorawa zuwa gidan wani mai hali da ya haƙa burtsatse yana sayarwa, kuma idan aka lissafa, kuɗin da suke biya a kan kowace jarka ya fi abin da mai famfo a tsakar gida yake biya. Wutar lantarki ta zo ne ta wata siririyar waya da aka rataya a kan sanduna da rassan bishiya daga mitar wani gida mai nisa, irin wadda mutanen Togo ke kira saƙar gizo-gizo. Da magariba, idan kowa ya kunna, ƙwan fitila sai ya koma ja. Yaro zai tafi makaranta, sai an biya ɗan zemijan, wato mai babur ɗin haya. Idan damina ta sauka, ruwan da ke gangarowa daga tuddan garin ya bi hanyar unguwa tunda ba magudana, ya zaizaye ta, mai babur ma ya ce iyakarsa bakin kwalta. Kuɗin hayar da maigida ya guje wa yana fita ta wata ƙofar, kuma mata da yara ne ke biyan mafi yawansa da ƙafafunsu.

A Sokode ruwan sama ya fi yawa, damuwar kuma ta fi karkata ga bakin ƙoramun Kpondjo da Kpandi da suka ratsa garin, inda fili ke da araha saboda kowa ya san abin da ke faruwa a watan Agusta da Satumba.

Dapaong kuwa ta samu ƙarin nauyi da ba ta nema ba. Bayan harin Sanloaga a Nuwamban 2021, da na Kpekpakandi a Mayun 2022 inda aka kashe sojoji 8, an ayyana dokar ta-ɓaci a yankin Savanes a Yunin 2022. Mutanen ƙauyukan Kpendjal da 'yan gudun hijira daga Burkina Faso sun kwararo cikin garuruwa, kuma galibinsu a gidajen dangi da na masu tausayi suka sauka. Manomin da ya baro gonarsa ba ya iya kama ɗaki a tsakiyar gari. Gefen gari yake nufa, inda ruwan da ake da shi bai ishi waɗanda suka riga shi ba. Duk wani shirin agaji da bai fara da waɗannan unguwanni ba, ya bar inda nauyin ya sauka.

Akwai masu ganin cewa sukar wannan tsari na yanka gonaki zalunci ne, domin shi ne ya bai wa talaka muhalli a inda gwamnati ba ta gina masa ko ɗaki ɗaya ba. Gaskiya suka faɗa, kuma ban yarda da masu kiran a kawo katafila a rushe ba. Hausawan Togo sun san ɗacin wannan magani: a 1977 aka rushe tsohon zangon Lome da ke tsakiyar birni, aka kwashe mutanensa zuwa wani fili can arewa da gari, kamar yadda Michel Agier ya bayyana a bincikensa kan 'yan kasuwar zangon. Amma amincewa da cewa mutane sun gina wa kansu gida ba ta hana a ce an cuce su a kan abin da mutum ɗaya ba ya iya gina wa kansa. Kowa zai iya tara kuɗin bulo a hankali. Babu wanda zai iya sayen titi shi kaɗai, ko maƙabarta, ko filin Idi, bayan an riga an gine wurin.

A nan ne nake ganin zango yana da abin koyarwa, kuma ba a cika tambayarsa ba. Zango shi ne tsohuwar unguwar gefen gari a wannan yanki. Akwai shi a Sokode, akwai a Dapaong, akwai a Sansanin Mango da ke tsakaninsu. Baƙi ne suka zauna a kan ƙasar da ba tasu ba, amma tun ranar farko suka san abin da za su fara tsayarwa: masallaci, rijiya, makarantar allo, mai masauki da zai karɓi baƙo ya tsaya masa a ciniki, da sarkin zango da zai yi magana da masu ƙasa da hukuma da yawun kowa. Rauninsa shi ne rashin tabbacin ƙasa, abin da ya sa aka iya tashin na Lome. Sabuwar unguwa ta juya lamarin. Kowa yana riƙe da takardar cinikinsa, amma Bamobe da Bagurme da Bamoshe da Bahaushe da ma'aikacin da aka turo daga kudu suna zaune katanga da katanga ba mai magana da yawunsu. Idan aka zo sayar da filin makaranta, kowa yana gani, kowa yana jiran wani ya fara ɗaga murya. Doka ta tanadi kwamitocin raya unguwa, sai dai sau da yawa ana kafa su ne bayan an gama cinye abin da ya kamata su tsare.

Tun zaɓen 30 ga Yunin 2019, na farko irinsa tun 1987, Togo tana da ƙananan hukumomi 117 masu zaɓaɓɓun kansiloli da magajin gari. Sokode tana cikin Tchaoudjo 1, Dapaong tana cikin Tône 1. Aljihunsu ba shi da nauyi, kuma manyan ayyukan ruwa da magudana har yanzu sun dogara ne da gwamnatin tsakiya da masu ba da tallafi irin su Bankin Duniya da Tarayyar Turai. Amma aikin da ya fi gaggawa ba ya bukatar miliyoyin sefa. Magajin gari zai iya hana a sayar da fuloti ko ɗaya kafin a kafa turaku a kan tituna da filayen jama'a, a yi musu rajista da sunan ƙaramar hukuma, a liƙa taswirar a inda kowa zai gani, a dasa bishiyoyi a kan iyakokinsu. Titin da aka tsare yau, ko da jar ƙasa ce, za a iya shimfiɗa masa bututu da kwalta bayan shekara ashirin. Wanda aka gine, sai an biya diyya an rushe gidan wani.

Kirana ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Sokode da Dapaong, waɗanda 'ya'yansu ne ke sayen fulotai a waɗannan unguwanni, shi ne kada su tsaya a kan neman filin masallaci kaɗai. Su je da mutanensu wurin masu ƙasa da ofishin magajin gari tun ranar awo, su nemi a nuna musu inda titi zai bi da inda makaranta da rijiyar jama'a da maƙabarta za su zauna, su sa a rubuta, sannan su naɗa wanda zai riƙa dubawa.