Fuskar Sarkin Ingila a Katsina: Daga Gilashi zuwa Azurfa

A cikin wannan maƙala muna so mu bi diddigin wata al'adar Turawan Ingila, wato fito da fuskar sarki a tudu a kan ɗan faifai, mu ga yadda ta iso birnin Katsina.

Gwanin wannan sana'a shi ne James Tassie (1735–1799), mutumin Skotland da ya zauna a Landan daga 1766. Yakan siffata fuskar mutum da kakin zuma, ya yi mata mazubi, sa'an nan ya zuba narkakken farin gilashi a ciki. Ta haka ya fito da kamannin manyan zamaninsa, har da Sarki Joji na Uku. Waɗannan faya-fayai kayan ajiyar masu hannu da shuni ne.

Da al'adar ta iso ƙasarmu, sai ta zo da azurfa, ta kuma zo da manufar mulki. A 1920 aka ƙirƙiro lambar girma ta sarakunan gargajiya, mai ɗauke da fuskar Joji na Biyar, wadda ake ratayawa a wuya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1906–1944), wanda ya ziyarci Ingila a 1921, yana cikin waɗanda suka same ta.

Talaka kuwa a tafin hannunsa ya ga wannan fuska. Manomin da ya shigo birni ta Ƙofar Kwaya da hatsi ko auduga, a da wuri yake komawa da shi gida. Daga 1913 sai ga taro da sisi da sule da fataka, kowanne da kan Joji na Biyar, kuma da su ne ake biyan haraji. Abin lura shi ne anini da kwabo na farko ba su da fuska. Huda ce a tsakiyarsu, da tauraro, da rubutun Larabci. Ashe ke nan fuskar sarki ta tsaya ga kuɗin azurfa, inda daraja take. Kan Sarauniya Alsabatu ya ci gaba da yawo a kasuwanninmu har zuwan naira a 1973.

A ra'ayinmu, waɗannan tsabobi da lambobi shaidun tarihi ne daidai da takardun Gwamna. Ya kamata masana su tattara waɗanda suka rage a gidaje, a adana su, tun kafin su ƙare a maƙera.