Hanyoyin Dajin Landes: Tarihin da Ke Ƙarƙashin Tayar Keke

A kudu maso yammacin Faransa, daga bakin kogin Gironde har zuwa kogin Adour, akwai wani daji da ya bi gaɓar Tekun Atilantika, faɗinsa kusan hekta miliyan ɗaya. Sunansa Landes. Kusan duk bishiyoyinsa iri ɗaya ne, wata doguwar bishiya mai ganye kamar allura da Faransawa ke kira pin. A 'yan shekarun nan masu keken burji sun yi masa caa, wato keken nan mai kama da na tsere amma tayarsa ta fi kauri, wanda aka ƙera don hanyar tsakuwa da ƙasa. Ni ma ina cikinsu, kuma abin da ya fi riƙe ni a dajin shi ne cewa yawancin hanyoyinsa ba don yawon shaƙatawa aka yi su ba. Kowace akwai aikin da ya haife ta, akwai kuma mutanen da suka biya kuɗinta da guminsu ko da abincinsu.

Shekara ɗari biyu da suka wuce, wanda ya tsaya a tsakiyar wannan ƙasa zai ga fili ne fetal har iyakar ganinsa, sai ciyawa da ƙananan tsirrai, da 'yan kurmi nan da can. Ƙasar yashi ce, amma a ƙarƙashin yashin akwai wani dandaɓe mai tauri da 'yan ƙasar ke kira alios, kuma filin ba shi da gangaren da ruwa zai bi. Da hunturu sai ko'ina ya zama fadama, da zafi kuma ya bushe ƙayau. Zazzaɓin cizon sauro ya addabi mutane. Sana'arsu kiwon tumaki, kuma ba don nama ko gashi suka fi kiwon ba, don taki ne: da kashin tumakin ake raya 'yar gonar da ke ba su hatsin burodi. Makiyayan kan ɗaura dogayen sanduna a ƙafafu su yi tafiya a kansu, don su ratsa ruwa su kuma hango garke daga nesa. Filin kiwon na gari ne gaba ɗaya, babu mai cewa nasa ne shi kaɗai.

Daga bakin teku aikin ya fara. Iska kan turo tuddan yashi cikin ƙasa, suna binne gonaki da gidaje, har cocin garin Soulac sai da yashi ya rufe shi. Wasu 'yan yankin sun riga sun gwada tsayar da yashin da shuka, sannan wani injiniyan gwamnati, Nicolas Brémontier, ya ɗauki aikin a kusa da La Teste a ƙarshen shekarun 1780. Dabarar ita ce a kafa shinge ya tare iska, a watsa irin pin haɗe da na wasu ƙananan tsirrai masu saurin fitowa, a rufe da rassa kada iska ta kwashe. A 1801 gwamnati ta mai da shi aikin ƙasa. Wanda ke bin hanyar gaɓa a yau, yana hawa yana gangarawa, tuddan nan ne yake takawa, waɗanda saiwoyi suka ɗaure.

Cikin ƙasa kuwa sai da aka jira rabin ƙarni. A 1849 wani injiniya, Jules Chambrelent, ya sayi fili a Cestas, ya haƙa magudanan ruwa, ya nuna cewa in aka janye ruwan hunturu bishiya za ta kama. Ranar 19 ga Yuni 1857, a zamanin Napoleon na Uku, aka kafa dokar da ta tilasta wa garuruwa su tsane filayensu na gama-gari su dasa itatuwa. Garuruwan ba su da kuɗin aikin, don haka da yawa suka yi gwanjon filayen, masu hali suka saye. Nan ne makiyayi ya rasa wurin kiwo. Da kiwo ya tafi taki ya tafi, da taki ya tafi gonar ta mutu. Wasu makiyayan sun huce haushinsu ta hanyar cinna wa sababbin shukoki wuta, amma hakan bai mai da hannun agogo baya ba. Magudanan nan, da ake kira crastes, har yau suna nan a gefen hanyoyi, miƙaƙƙu sambal. Su ne dalilin da ya sa mai keke kan yi tafiya mai nisa bai ga kwana ko ɗaya ba.

Akwai mutum guda da nake tunawa duk lokacin da na bi ta Labouheyre, garinsu. Félix Arnaudin, wanda aka haifa a 1844 ya rasu a 1921, ya ga ƙasar kakanninsa tana ɓacewa a ƙarƙashin itatuwa, abin ya dame shi. Sai ya riƙa yawo ƙauye-ƙauye, sau da yawa a kan keke, yana ɗaukar hotunan makiyaya da garkuna da sararin fili, yana rubuta tatsuniyoyi da waƙoƙin mutane a harshensu na Gascon. Mutanen garinsu sun ɗauke shi tamkar mai taɓin hankali. Yau hotunansa suna ajiye a gidan tarihi na Aquitaine a Bordeaux, kuma su ne babbar shaidar yadda ƙasar take kafin dajin. Ina ganin duk mai hawa keke a Landes ya kamata ya san cewa wannan bawan Allah ya riga shi, kuma shi ba nishaɗi ya fito da shi ba.

Dajin ya kawo arziki, wannan ba a musu. Bishiyar pin tana fitar da ƙaro, wanda ake tacewa a sami man sirka fenti da sauran kayan masana'antu. Da yaƙin basasar Amurka ya tsayar da ƙaron can a shekarun 1860, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Aka kuma riƙa loda gungume a jiragen ruwa zuwa Birtaniya don tokare ramukan haƙar kwal. Jikokin makiyaya suka koma masu tatsar ƙaro, yawancinsu a dajin wani, ana raba abin da aka samu da mai fili. Rabon bai yi musu daɗi ba, har suka yi yajin aiki a 1906 da 1907. Sana'ar ta mutu wajen 1990, da ƙaro mai araha ya shigo daga waje. Amma in ka sauka daga keke kusa da wata tsohuwar bishiya a dajin gaɓa, za ka ga doguwar tsaga a jikinta, bawo ya kumbura ta gefe biyu yana neman rufe ta. A gindinta, in ka tona ganyen da ya zuba, wani lokaci sai ka ci karo da ɗan kaskon yumɓu ja mai kama da ƙaramin kofi, da busasshen ƙaro manne a ciki. Hannun wani ne ya rataye shi a nan, yana zagayo lokaci-lokaci ya sabunta tsagar, bishiya bayan bishiya, daga farkon bazara har kaka.

Siraran hanyoyin da masu tatsar ƙaro suka bi suna daga cikin waɗanda muke bi. Wasu kuma tsofaffin layukan dogo ne na jigilar katako da aka cire ƙarafunansu aka shimfiɗa kwalta, kamar wanda ya tashi daga Bordeaux zuwa Lacanau. A bakin teku akwai siraran hanyoyin siminti da suka samo asali daga zamanin da sojojin Jamus suka mamaye gaɓar a yaƙin duniya na biyu. Yawancin na gaɓar yanzu sun shiga cikin babbar hanyar keke ta Vélodyssée, wadda ta taso daga Roscoff a arewa ta dire Hendaye a kan iyakar Sifaniya.

Amma hanyoyin da mai keken burji ya fi nema, wuta ce ta haife su. Daji mai bishiya iri ɗaya, cike da ƙaro, abincin gobara ne. A shekarun yaƙi an yi sakaci da shara da gyara, wuta ta yi ta ci. A watan Agusta 1949 wata gobara ta tashi kudu da Bordeaux ta cinye kimanin hekta 50,000. Ranar 20 ga watan iska ta juya ba zato, ta rutsa da masu kashe wutar a yankin Cestas, mutum 82 suka rasu, mazauna ƙauyuka da sojoji. Daga nan aka ɗauki tsaron dajin da gaske. Ƙungiyoyin masu filaye, da ake kira DFCI, suka yanka dajin gida-gida da faffaɗan hanyoyi, suka haƙa wuraren ɗiban ruwa, suka sa wa hanyoyin lamba don motar 'yan kwana-kwana ta isa ko'ina da wuri. Masu filayen ne ke biyan kuɗin kula da su, gwargwadon hektar kowa.

Wannan tarihin shi ke bayyana yadda tafiya take a can. Hanyar da aka zuba wa farin dutse don ta ɗauki motar ruwa da tirelar katako, keke kan gudu a kanta lafiya lau, sai dai ramuka da ƙura. Da ka kauce zuwa wadda ba a zuba wa komai ba, sai yashi mai launin toka ya kama tayar gaba, kan keken ya fara rawa, dole ka sauka ka tura. Wanda ya taɓa tura keke a jigawa da rani ya san wannan wahalar. Shi ya sa ake son taya mai faɗi, a rage mata iska, a koma ƙaramar giya kafin a shiga yashin, a bi gefen da ganyen pin ya zuba domin ya fi tauri. Bayan ruwan sama yashin kan daskare, don haka kaka da farkon bazara sun fi tsakiyar zafi daɗin tafiya. Tudu ba shi da yawa, amma ƙauyuka suna da nisa da juna, sai a ɗauki ruwa isasshe. A watan Oktoba maharban tattabarun daji suna cikin bukkokinsu, ana so mai wucewa ya mutunta alamun da suka kafa. A ranakun da haɗarin gobara ya yi tsanani kuwa, hukuma kan hana shiga dajin da rana, wani lokaci ma gaba ɗaya.

Ina roƙon 'yan'uwana masu keke su riƙe wannan hani da daraja. Kusan kashi tara cikin goma na dajin mallakar mutane ne, mu baƙi ne a ciki. Dajin kuma ya riga ya sha wuya: guguwar Klaus ta 24 ga Janairu 2009 ta kwantar da bishiyoyi ba adadi, sannan a watan Yuli 2022 gobarar Landiras da ta La Teste-de-Buch suka ci fiye da hekta 20,000. Yanzu ana gwada dasa itatuwa masu faɗin ganye a gefunan gonakin pin, don a rage dogaro da iri ɗaya. Mu da muka fito daga ƙasashen da ake fama da kwararar hamada muna da abin ɗauka a nan. Landes ta tabbatar cewa ɗan Adam zai iya tsayar da yashi da shuka. Ta kuma nuna cewa kafin a kafa dashe na farko, wajibi ne a zauna da mai garke a san inda dabbobinsa za su ci, a kuma tanadi hanyar da mai kashe wuta zai bi.